Mako 12 na gina sabon hali a Aboabo: kundin aiki

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Mako guda ke nan da ƙaramar Salla, kuma mutanen da suka yi wata cur suna tashi ƙarfe uku na dare yanzu da ƙyar suke samun jam'in Asuba. A azumi sahur ne ke tashin su, ga hayaniyar unguwa, ga kowa na yi. Da waɗannan suka ɗauke, sai halin ya bi su. Ganin haka ne muka buɗe wannan aiki da mutum 14 daga ajin manya na makarantar dare a Aboabo, nan Kumasi, mata 8 da maza 6. Za a fara gobe Litinin, a rufe 29 ga Yuni.

Kowa ya zaɓi hali guda tak. Biyar sun zaɓi tafiyar ƙafa, huɗu ajiyar kuɗi kullum, uku karatun Alƙur'ani, sai dattawa biyu masu hawan jini da ke yawan mance maganinsu. An hana kowa ɗaukar biyu, duk da wasu sun roƙa.

Sharaɗi na farko, aikin ya zama ƙarami har mutum ya ji kamar ya raina shi: tafiyar minti goma, sidi 5 (kuɗin Ghana), layi biyar na mushafi. Hujjarmu hadisin Nana A'isha ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Na biyu, kowane hali a ɗaure shi jikin wani abu da mutum ya riga ya saba yi kullum a wuri ɗaya, kamar yadda ake ɗaure dabba a turke, kuma turke za mu riƙa kiransa a kundin nan. Na uku, a rubuta shi a jimla ɗaya bayan katin da kowa zai riƙa sa wa alama duk ranar da ya yi: "Idan na sallame Asuba, zan sa takalmi in fita." Wannan tsari na "idan kaza, zan yi kaza" masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayaninsa a 1999, kuma amfaninsa shi ne mutum ya gama yanke shawara tun kafin lokacin ya zo. "Zan riƙa motsa jiki" ba mu karɓe ta ba, don babu lokaci babu wuri a cikinta.

Kuɗin da aka kashe: buga kati 14 a kwali mai gidaje 84, sidi 42, biro 14, sidi 28, akwatin katako mai kwaɗo guda huɗu a wurin kafinta, sidi 160, robar magani mai gida bakwai guda biyu, sidi 30. Jimla sidi 260, kowa ya ba da 20, ragowar 20 tana hannun ma'aji.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Makon farko kusan kowa ya cika katinsa. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, ɗokin sabon abu ne.

Wani matashi ya ce ya ji kwana 21 ake buƙata, don haka aka tsaya aka warware maganar. Kwana 21 ɗin daga wani likitan gyaran fuska ne a Amurka, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla haka kafin su saba da sabuwar kamarsu. Bai gwada gina hali ba. Wadda ta gwada ita ce Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, da mutum 96 tsawon mako 12, aka fitar da sakamakon a 2009. Tsaka-tsakin kwanakin da aiki ya zama jiki 66 ne, amma na wani 18, na wani kuma lissafi ya nuna zai kai 254. Motsa jiki ya fi ci da sha jinkirin kamawa. An kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin. An nanata wannan sau biyu, don za a buƙace shi nan gaba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

An fara tambayar mako: "Sau nawa ka tsinci kanka cikin aikin ba tare da ka tuna wa kanka ba?" Amsa daga 1 zuwa 5. Galibi 1 ko 2. Wannan lambar ta fi mana muhimmanci a kan yawan alamun da ke kati.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Matsala ta farko mai nauyi ta fito daga masu ajiya. Uku cikin huɗu suna da giɓi, kuma da aka duba bayan katunansu, duka ukun sun rubuta "idan na tashi daga kasuwa". Tashi daga kasuwa ba shi da lokaci tsayayye. Mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia wata rana biyar take rufewa, wata rana sai bayan Magariba, daga nan ga layin trotro (ƙananan motocin haya), ga cefane a hanya, ta isa gida kuɗin ya riga ya rarrabu kuma jiki ya mutu. Ta huɗun, mai waakye (shinkafa da wake), ita ce ba ta da giɓi, kuma abin da ta rubuta shi ne "idan na sauke tukunyar farko na sayar wa mutum na farko". Tana cire sidi 5 nan take ta sa a wata aljihun zani dabam, kafin kuɗin ya gauraya da na ciniki.

Sauran ukun aka mayar da su safiya a kan wannan tsari. Tela zai cire nasa idan ya buɗe shago ya yaye mayafin keken ɗinki. Direban pragya (keke mai ƙafa uku na haya) zai cire idan ya sauke fasinjan farko.

Akwatin ma ya ba da matsala. Makulli na hannun mai akwati, don haka duk ranar da aka rasa canji ko yaro ya zo neman kuɗin koko, sai a buɗe da niyyar za a mayar. An tattauna hanyoyi uku. Ta farko susu, wato zubin kuɗi kullum a hannun mai karɓa: yana zuwa har wurin sana'a, katinsa gida 31 ne, yana ɗaukar zubin kwana guda ladansa, wato mai zuba sidi 5 zai ba da 155 ya karɓi 150. Tsada ce in aka duba, kusan kashi 3 cikin 100 a wata, amma zuwansa kullum shi kansa turke ne mai ƙarfi. Sai a tabbatar sanannen mutum ne da kasuwa ta daɗe da shi. Hanya ta biyu MoMo, asusun kuɗi na waya, tunda an soke harajin E-Levy da ake cira wajen tura kuɗi ta waya a farkon wannan wata, sai dai kuɗin da ke cikin waya kusa yake da sayen data, kuma ana biyan wani abu wajen cirewa. Ta uku, akwati ya zauna gida, makulli ya koma hannun wani. Biyu sun zaɓi susu, biyu sun miƙa makullinsu ga ma'aji.

Lahadi, 4 ga Mayu

Wannan ya kamata duk mai shirya irin wannan aiki a cikinmu ya san da shi tun farko. Mata uku da suka ɗaure halinsu da sallame Asuba sun sami giɓin kwana biyar zuwa bakwai a jere. A zaman mata, wata Hajiya ta faɗi dalilin kai tsaye: kwanakin da mace ba ta salla, turken ma babu shi. Ba ta shimfiɗa darduma ba, ba ta sallame ba, to babu abin da zai ce mata "yanzu". Idan ta koma salla kuma, an yi mako ba a yi ba, ɗaukowa ya yi nauyi.

Gyaran: mata masu tafiya su ɗaure da abin da ba ya ɗaukewa duk wata. Ɗaya ta zaɓi ɗora ruwan zafi a wuta, ta fita, kafin ta dawo ya tafasa, babbar 'yarta na lura da shi. Ɗaya ta zaɓi raka yara bakin titi su hau motar makaranta, ta wuce daga nan, Asabar da Lahadi kuma maƙwabciyarta ta ƙwanƙwasa mata. Mai karatu ta tambayi malaminta abin da za ta yi a waɗannan kwanaki, ta zaɓi sauraron layin biyar ɗin a waya, a wurin zamanta na kullum, a lokacin da ta saba. Muhimmin abu kada wurin da lokacin su zauna fanko.

Dattawa biyu masu magani suna tafiya daidai. Ƙararrawar waya da jikokinsu suka sa musu ba ta yi aiki ba, ko wuta ta ɗauke wayar ta mutu, ko ta buga suna masallaci su kashe su mance. Yanzu robar maganin tana zaune cikin kofin da Baba ke shan koko, ba zai zuba koko ba sai ya ɗaga ta. Mma kuma tata tana kan gwangwanin Milo. Ana cika gidajen bakwai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. An tuna musu abin da ma'aikatan asibiti suka faɗa: in an mance na jiya, ba a haɗa biyu yau.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mako lafiya. Makin "ba tare da tunani ba" ya kai 3 ga masu magani da mai waakye. Masu tafiya suna 2.

Lahadi, 18 ga Mayu

Abu biyu suka lalace.

Matashin da ke koyon walda ya ga minti goma ya yi masa kaɗan, ya mayar da shi gudu har filin wasa na Baba Yara da dawowa, da silifa, a kan kwalta. Kwana huɗu gwiwa ta kumbura, ya daina fita gaba ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi ke nan: jiki ya fara jin daɗi, sai a ninka aikin sau huɗu lokaci guda, alhali abin da ake ginawa a wannan mataki fitar ce kanta, nisa na zuwa daga baya. Ƙa'idar da aka sa: ba a ƙara komai sai maki ya kai 4 mako biyu a jere, kuma ƙarin kada ya wuce minti biyar a mako. Burin ƙarshe shi ne minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, wato minti 30 sau biyar, amma wannan maganar watan Agusta ce. An ce ya nuna gwiwar a asibiti, kuma kafin ta warke ya riƙa sa takalmi ya taka zuwa ƙofar masallaci ya dawo, don kada lokacin ya kuɓuce masa.

Na biyu rukunin WhatsApp ne. An buɗe shi don kowa ya turo alamar ya yi. Masu cikawa suka riƙa turowa tun da duku-duku, masu giɓi suka yi shiru, biyu har suka daina zuwa zaman Lahadi don kunya. Ɗaya ya faɗa wa ma'aji a gefe cewa ya taɓa turo alama ranar da bai yi ba. Tsarin da ke sa mutumin kirki ƙarya bai kamata a riƙe shi ba, an rufe rukunin yau. An haɗa mutane bibbiyu, kowa da abokin da gidajensu ke kusa, kuma ba a tambayar "ka yi?" sai "me ya tare ka jiya?" Amsar wannan ce ke nuna inda za a gyara.

An kuma sauya yadda ake karanta kati. Masu ƙirga kwanaki a jere, da zarar sun tsinke sai su ga komai ya zube, su saki. Yanzu jimlar mako ake dubawa, biyar cikin bakwai ta isa, doka ɗaya ce kawai: kada a tsallake kwana biyu a jere in ba rashin lafiya ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Damina ta kankama. Sau uku a makon nan ruwa ya sauko da asuba, lambatu suka cika, layukan da ke kusa da rafin Aboabo ba su takuwa. Masu tafiya duk sun sami giɓi. An rubuta wa kowa jimla ta biyu a ƙasan ta farko: "Idan ana ruwa, zan zaga barandar masallaci minti goma", ko tsakar gida ga mata. Ba a sayi lema ba, don ba jiƙewa ce ke hana fita ba, santsi ne da ruwan lambatu, ga dattijuwa ɗaya cikin masu tafiyar.

Wani abu da ya fito daga tambayar "me ya tare ka": maza biyu masu karatu bayan Asuba matsalarsu tun dare take farawa. Suna zaman shan ataya (shayi) har sha biyu da rabi, kofi uku. Sinadarin da ke cikin shayi mai hana barci yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin sha ɗaya na dare yana nan har kusan kiran salla. Suna sallame Asuba ido na rufewa. Ba a ce su bar majalisa ba, ba za su bari ba, kuma zumunci ne. An tsaya a kan kofi ɗaya, na farko, kafin tara, su tashi sha ɗaya, waya kuma ta kwana tana caji nesa da shimfiɗa. Ɗayan ya ga ba zai iya ba, ya mayar da karatunsa tsakanin Magariba da Isha'i, inda dama yana zaune a masallaci, mushafi na kan kanta kusa da shi. Wannan zaɓin ya fi, don bai buƙaci sauya komai a rayuwarsa ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Masu susu sun karɓi na watan Mayu, sidi 150 kowa. Ma'aji ya kashe ragowar sidi 20 wajen sake buga kati uku da ruwa ya jiƙa da sayen leda ta saka su. An shirya wa babbar Salla tun yanzu: kwana uku na Salla kowa zai yi mafi ƙanƙantar siffar halinsa, layi ɗaya, sidi 1, tafiya zuwa idi.

Laraba, 11 ga Yuni

Yau kwana 66. Mutum shida ne ke ba da maki 4 ko 5: dattawa biyu, mai waakye, tela, mai karatun Magariba, da matar da ta ɗaure da ruwan zafi. Abin da ya haɗa su shi ne turkensu yana faruwa kullum, a wuri ɗaya, kuma kayan aikin na gaban ido. Sauran suna 2 zuwa 3, kuma ba abin damuwa ba ne.

Salla ta ci ajiyar mutum biyu, ɗaya ya cika kuɗin rago, ɗaya ɗinkin yara. An rubuta shi a matsayin ajiya ta yi amfaninta. Abin dubawa shi ne ko sun ci gaba da zubi washegari. Tela ya ci gaba. Direban pragya bai ci gaba ba, akwati ya zama fanko sai ya ji babu abin da yake karewa. An ba shi shawarar duk ranar buɗewa ya bar sidi 20 a ciki.

Lahadi, 15 ga Yuni

Mai atamfa ta tafi Tamale gaisuwar rasuwa, kwana tara, ta dawo ba ta koma zubi ba sai da abokiyarta ta je har rumfa. Baba ma ya kwana biyu a Asokore Mampong wurin ɗansa, robar magani ta zauna cikin kofi a gida. Tafiya ita ce ta fi komai tsinka hali, don tana raba mutum da wurin da ke tuna masa. Wendy Wood da abokan aikinta sun ga haka a 2005 a ɗaliban da suka sauya jami'a a Amurka: motsa jiki, karanta jarida da kallon talabijin sun ɗore ga waɗanda sabon wurinsu ya yi kama da tsohon, sun warware ga waɗanda yanayinsu ya sauya. A unguwannin zango kuwa tafiya ba ta ƙarewa, biki, suna, rasuwa, saro kaya.

Don haka an ƙara jimla ta uku, ta tafiya da ta dawowa. Masu magani: ƙwayoyin kwana uku su zauna dindindin a jakar tafiya cikin takardarsu ta asali, a riƙa duba ranar lalacewarsu. Masu ajiya: ba a bin bashin kwanakin tafiya, don tara sidi 45 lokaci guda shi ke sa a fasa, a dawo kan 5 ranar farko ta buɗe rumfa. Abokin mutum kuma shi ke da alhakin zuwa ranar da ya dawo.

Maganin Mma ya kusa ƙarewa aka tarar katin inshorar lafiyarta ya mutu. Jikarta ta sabunta shi ta *929# a waya. An rubuta ranar mutuwar katin kowannensu a murfin robar magani.

Lahadi, 22 ga Yuni

Babu sabon abu. Mai walda ya koma minti goma, da takalmi mai taushi na gwanjo.

Lahadi, 29 ga Yuni

Kati ya cika. Cikin 14, takwas suna kan maki 4 ko 5, huɗu suna yi amma har yanzu sai sun tuna wa kansu, biyu sun bari. Waɗanda suka barin su ne biyun da suka daina zuwa lokacin rukunin WhatsApp, an je gidajensu, ɗaya ta ce za ta shiga zagaye na biyu. Cikin huɗun da ba su kama ba, uku masu tafiya ne, kamar yadda aka zata tun Afrilu.

Shirin gaba: takwas ɗin za su ajiye kati, sai tambayar maki sau ɗaya a wata, kuma an yarda su ƙara nauyi a hankali. Mai karatun Magariba zai koma rabin shafi, in ya kai shafi guda a rana, mushafi mai shafi 604 zai ɗauke shi shekara ɗaya da kusan wata takwas. Sabon hali na biyu sai Satumba. Huɗun za su ci gaba da kati na wasu makonni takwas ba tare da ƙarin komai ba. Sababbin shiga za su rubuta jimlolin uku tun ranar farko, ta kullum, ta ruwa ko kwanakin da ba a salla, da ta tafiya, kuma za a duba turken kowa ɗaya bayan ɗaya kafin a ba shi kati. Mutum tara sun ba da suna. Ana buƙatar kati 14 da akwati biyu, kimanin sidi 125, za a tara ranar Lahadi 6 ga Yuli bayan La'asar.